Shekarar da Aka Daina Gaya wa Malama Rifkatu Komai

Jiya wata sabuwar malama ta leƙo ofis ta same ni tsaye gaban allon jadawalin darussa, ta ce, "Anti Zulai, wannan ai aikin rabin awa ne a waya." Ban tanka mata ba, don akwai ƙusa biyu a bakina. To ga amsar na rubuta, ita da 'yan uwanta da aka ɗauka bana su karanta, su daina tsaya mini a ka. Ni ba digiri gare ni ba, sakandare na gama, don haka kada ku jira dogon Turanci.

Makarantarmu kun gan ta: ta 'yan mata, lungu biyu daga Ƙofar Kuyambana, aji goma sha biyu, malamai ashirin da 'yan kai. Rabin ginin na bulo ne mai manyan tagogi. Ɗaya rabin tsohon gidan ƙasa ne da wani bawan Allah ya bayar, ɗakunansa akwai sanyi amma akwai duhu, tagoginsu kamar bakin tulu. Ina gama makaranta aka ɗauke ni buga takardu, aka ajiye ni a ofishin Malama Rifkatu, mataimakiyar shugaba mai kula da karatu. Daga Wusasa take zuwa kullum, kuma ba a taɓa buga ƙararrawar safe ba ta iso ba. Wadda ba ta san kujerarta ba, ga ta a taƙaice: shugaba yana samanki, malamai suna ƙasanki, iyaye suna bakin ƙofa, kuma duk abin da ya lalace ke ce.

Allon nan da kuke wa dariya nata ne. Katako ne tsawon ƙofa, an kafa masa ƙusa kusan ɗari biyar layi-layi, kowace ƙusa darasi ɗaya ce a aji ɗaya a rana ɗaya. Kowane malami yana da murafan kwalba nasa, an huda su an shafa musu fenti. Ki rataya murfi a ƙusa, kin tura mutum aji ke nan. Sai gwangwanin madara da ake zuba murafan, sai fensir, sai guduma ƙarama. Kayan aikin ke nan kaf.

Aikin farko da ta ba ni a allon, hutun ƙarshen shekara ne. Ta juye gwangwanin a tebur ta ce, "Gwada mu gani." Kwana uku na yi ina rataya ina cirewa. Na fitar da jadawali tsaf, ba malamin da ya faɗa aji biyu lokaci guda, ba ajin da ya zauna ba malami. Na kira ta ina hura hanci. Ta tsaya ta dube shi kamar minti ɗaya, sai ta miƙa hannu ta fara tsinke murafai kamar mai tsinke zogale. Goma sha ɗaya ta cire.

Na ce, "Malama, me suka yi?"

Ta ɗaga shuɗi. "Kin sa Malama Hadiza a aji na biyu. 'Yar farinta tana ajin. Wa zai kira sunan yarinyar a rajista, ke?"

Ni 'yar birni ce, uwata har yau ba ta kiran sunan yayata, amma bai zo mini a rai ba.

Ta ɗaga kore. "Malama Asma'u kin ajiye ta bango ɗaya da Malam Tanimu, kuma bangon bai kai rufi ba. Ƙanin baban mijinta ne. Tana jin tarinsa za ta koma raɗa, 'yan layin baya ba za su ji ko kalma ɗaya ta lissafi ba." Ta ɗaga fari. "Malam Isiyaku daga ƙauye yake zuwa, da damina sai ya leƙa gona. Kin ba shi darasin farko kwana uku a mako. Ko dai ya yi latti, ko ya yi ƙarya, kuma ke kika sa shi."

Uku ke nan. Na nuna sauran takwas ɗin na ce, "Waɗannan fa?"

Ta ce, "Waɗannan ba naki ba ne."

A hankali na gane inda takwas ɗin suka fito. Mutane suna gaya mata abubuwa. A bakin famfo, a hanyar zuwa hawa keke, wani lokaci a ofis da murya ƙasa-ƙasa. Mai ƙaramin ciki da ko uwar mijinta ba ta sani ba, ba ta jure warin ɗakin gwaje-gwaje. Mai ciwon da dole ya ci abinci kafin ƙarfe goma. Mai zuwa kotu duk Laraba kan rabon gado, ba ya son a ji. Ba ta rubuta ko ɗaya. Sai dai ta matsar da murfi daga wannan ƙusa zuwa waccan, mutum ya zo ya duba allo ya sauke ajiyar zuciya ya wuce. Musulmi ashirin, limamin masallacin unguwa ma yana cikinsu, kuma matar Wusasa ce, Kirista, ta san abin da ke cikin kowa.

Shugaban lokacin, Malam Lawal, idan aka kai masa jadawali ba ya ko buɗe shafi na biyu. Sai ya ce, "Malama, kin gamsu?" Ta ce, "Na gamsu, ranka ya daɗe." Ya sa hannu. Shi ke nan.

Ku da ba ku gan ta a waɗannan shekarun ba, ba ku ga aiki ba. Wata safiyar Talata aka aiko cewa an yi wa malamanmu biyu rasuwa, gida ɗaya suke, ga wata ta tafi haihuwa. Saura minti goma a buga ƙararrawa. Ta ajiye ƙosanta, ta tsaya gaban allo, hannu biyu suna aiki, tana waƙar cocinsu a hanci. Na ƙirga, murfi talatin da ɗaya ta canza wa wuri. Ƙararrawa ta buga, kowane aji da malami a ciki, kuma ba wanda aka taka wa abin da ya ɓoye. Ta koma ta ƙarasa ƙosanta bai huce ba. Wallahi ranar tsayawa na yi da takarda a hannu na manta inda zan kai ta.

Jajayen murafai na Malam Ɗahiru ne, malamin Larabci, dattijo daga Ƙofar Jatau. Ya koyar da iyayen yaran da yake koyarwa. Murafansa kullum kafin tara suke, kuma kullum a ɗakunan bulo na gabas, ba a taɓa tura shi gidan ƙasa ba. Na sha ganin Malama tana zagaya ɗakunan nan da littafi a hannu, ta buɗe shi kusa da allo, ta dubi taga, ta dubi agogo. Ban gane ba sai ranar da nake tsugune bayan durowa ina jera fayil, ya shigo bai san ina nan ba. Ya ce, "Malama, na hagun ma ya fara." Yanar ido ce ta rufe masa ɗaya, ta kama ɗayan. Da hasken safe yana iya ganin rubutu, a ɗakin duhu kuwa ko fuskar yara ba ya rabewa. Darussansa duk suna kansa, ba ya buƙatar littafi. Abin da yake tsoro a ji, a ce ya tsufa, a zaunar da shi kafin a yi masa aikin idon. Ta ce, "Malam, rana tana nan, tagogi suna nan. Je ka ajinka." Da ya fita ta leƙo bayan durowar ta dube ni. Ta koma kujerarta. Ni ma na ci gaba da jera fayil ɗina.

Mummunar shekarar ta fara da ritayar Malam Lawal. Kwamitin makaranta ya kawo Malam Kabiru. Zan faɗi gaskiya, ba mugu ba ne, kuma ya fi kowa zuwa da wuri. Amma inda ya baro, mai tsara jadawali abokansa yake ba lokuta masu daɗi, ya jibga wa sauran na rana tsaka. Don haka yana ganin allonmu ya ga abin da ya saba gani.

Ya ce, "Malama, me ya sa wannan ba ya da darasin farko? Wannan me ya sa Larabarsa babu komai? Ina son dalilin kowanne a rubuce."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wasu zan rubuta maka yau. Wasu kuma ba nawa ba ne da zan rubuta."

Ya ce, "Abin da ba ya rubutuwa, son kai ne."

Daga nan komai nata sai ya bi ta teburinsa. Ta ba malama izinin zuwa asibiti, sai ya kira malamar ya sake tambaya. Ta zagaya azuzuwa, sai ya kira monitoci ya ji ko da gaske ta zo. Cikin wata biyu matar da ke juya makaranta da hannu biyu ta koma tana aiko ni in tambayo ko a buga ƙararrawa tunda an fara yayyafi. Takarda layi uku sai ta karanta sau huɗu kafin ta sa hannu. Waƙar hanci ta ɗauke. Ƙosai ya daina zuwa, ƙwayar hawan jini ta maye gurbinsa a jaka. Zobenta ma ya fara zamewa daga yatsa.

Yanzu ga nawa laifin, kuma ku karanta shi da kyau. Wata Alhamis Malam Kabiru ya kira ni ya ba ni takarda in buga. Takardar neman bahasi ce ga Malama Rifkatu: ta yi bayani cikin kwana biyu dalilin da ya sa take fifita Malam Ɗahiru da ɗakuna masu kyau da lokutan safe, in ba haka ba a kai maganar gaban kwamiti. Na karanta, kaina ya ɗau zafi. Kun san bakina.

Na ce, "Haba Malam! Wane fifiko? Mutumin fa ba ya gani! Yana ce a idonsa duka biyun, a ɗakin duhu ko hannunsa ba ya gani. Taimakonsa take yi, kai kuma kana neman ka ci mata mutunci!"

Ya karɓi takardar ya yayyaga ta, ya ce, "Subhanallahi. Me ya sa ba a gaya mini ba?" Na fito ina taƙama, a ganina na ceci uwar ɗakina.

Litinin ya kira Malam Ɗahiru, ya ba shi kujera, ya yi masa magana da ladabi, ya ce don lafiyarsa an sauke masa aji, ya koma kula da ɗakin karatu ya huta. Mutumin da ba ya ganin rubutu aka ba tsaron littattafai. Da ya fito ya tsaya a ƙofar ofishinmu, bai shigo ba, ya ce, "Malama, na gode." Ya wuce. Mako biyu ya yi yana zama cikin littattafan nan, daga nan ya aiko cewa ba ya jin daɗi, bai sake zuwa ba.

Kun san birni. Kafin la'asar magana ta shiga gida-gida: Malama Rifkatu ta kai sirrin Malam Ɗahiru wurin sabon shugaba don ta tsira da kujerarta. Har da masu ƙarawa da cewa dama ai ba tamu ba ce. Ba wanda ya zage ta. Gaisuwa ma ba a fasa ba, har an fi da tsawaita ta. Amma daga "ina kwana, ya gida, ya yara" ba a ƙara komai. Tana zuwa bakin famfo sai hira ta koma kan tsadar tumatir. Ni kuwa na ja bakina na rufe, karo na farko a rayuwata, kuma a inda bai kamata ba.

Zangon da ya biyo baya Malam Kabiru ya fitar da jadawali da kwamfuta, kowa daidai da kowa. Ba zan ɓata muku lokaci ba. Malama Asma'u ta yi wata uku tana raɗa. Malam Isiyaku ya tara takardun latti har ya daina karɓa. Mai zuwa kotu ya riƙa barin aji da aikin kwafe. Malama Hadiza ta koma ba monita rajista, yara suka gane, suna tsokanar 'yarta har ta yi kuka. Sakamakon jarrabawa ya fito, iyaye suka cika ƙofa. Malam Kabiru, na faɗa muku ba mugu ba ne, da ƙafarsa ya zo ofishinmu ya ce, "Malama, ki koma allonki. Ba zan sake tambayar dalili ba."

Na ce a raina an gama, komai zai dawo. To nan ne na koyi sana'ar nan.

Ta bi malamai ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Akwai abin da ya kamata in sani kafin in rataya?" Kowa ya ce, "Babu komai, Malama, duk inda kika sa ni daidai ne." Ta tsaya gaban allo kwana biyar, ita da take gamawa a yini ɗaya. Abin da ta sani na bara ne, bana kuwa an yi sababbin ciki, sababbin ciwo, sababbin surukai. Ta rataya a makance. Mako na uku wata malama ta yanke jiki ta faɗi a ɗakin gwaje-gwaje, ashe ciki ne da ita wata biyu, kuma Malama ce da hannunta ta sa ta can sau huɗu a mako. Hannun dai shi ne, allon shi ne, shugaba ya sakar mata, amma aikin ya mutu.

Washegari ta miƙo mini takarda da rubutun hannunta ta ce, "Zulai, buga mini wannan." Takardar ajiye aiki ce, daga ƙarshen wata.

Na karanta layin farko na ajiye. Na ce, "Malama, ni ce. Ni na gaya wa Malam Kabiru."

Ta ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar. Mu biyu ne muka ji, kuma ni ban faɗa ba."

Na ce, "To me ya sa kika yi shiru wata shida ana cin namanki? Kalma ɗaya fa! Ki ce Zulai ce!"

Ta cire tabarau ta goge. Ta ce, "Ni na gan ki bayan durowa ban kore ki ba, wannan nawa ne. Sannan in na ba da sunanki don in wanke kaina, ai na zama abin da suke cewa ni ce. Buga takardar, 'yata, kada ki sa mini kuskure a ciki."

Ban buga ba. Ranar Asabar bayan la'asar na sa hijabi na tafi Ƙofar Jatau, na yi tambaya har gidan Malam Ɗahiru. Matarsa ta shigar da ni, ta kira shi. Ya fito yana lalube da sanda, na ga idon hagun ma ya yi fari. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba, har takardar ajiye aikin.

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. Sannan ya ce, "Ke ce 'yar nan mai buga takarda kamar ana sussukar gero?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

"Ke kika ce ko hannuna ba na gani?"

"Ni ce."

"To ƙarya kika yi, a lokacin ina ganin hannuna." Matarsa ta yi dariya ta toshe baki. Shi bai yi ba. Ya ce, "Wata shida ina ɗauke da baiwar Allah nan a zuciya da abin da ba ta yi ba. Wannan ya fi mini ciwon ido. Litinin ki zo ki ɗauke ni, ki kai ni lokacin tara, sa'ad da kowa yake ɗakin malamai."

Litinin na je da keke napep na ɗauko shi. Daga bakin lungu na riƙe kan sandarsa, yana biye da ni. Ɗakin malamai a cike, ana cin wake da shinkafa, Malam Kabiru ma yana ciki. Ana ganinsa aka miƙe, gaisuwa ta ko'ina. Bai amsa ko ɗaya ba. Ya ɗaga murya irin wadda yake karanta nahawu da ita.

"Wadda ta yi mini ɓarna ga ta nan riƙe da sandata, da ƙafarta ta zo ta faɗa. Na yafe mata, ku ma ku bar ta, bakinta ya ishe ta hukunci. Ina Malama Rifkatu?"

Tana can ƙarshen benci ita kaɗai. Ta ce, "Ga ni, Malam."

Ya ce, "Ina da wata magana da ba zan iya gaya wa kowa a garin nan ba sai ke. A kai ni ofishinki."

Na ja shi har ƙofar ofis. Zan shiga ya tare ni da sanda. "Ke, waje. Malama, a duba bayan durowa ma." Aka rufe ƙofa.

Minti goma sha biyar suka yi. Har yau ban san abin da ya gaya mata ba, ban ma san ko akwai maganar ba, kuma ban tambaya ba. Ina tsaye a baranda na ga Malama Asma'u ta zo ta zauna a bencin ƙofar ofis tana gyara igiyar takalmin da ba abin da ya same shi. Can sai Malam Isiyaku ya zo ya tsaya yana karanta sanarwar bara a bango. Sai malamar da ta faɗi a ɗakin gwaje-gwaje, ita ba ta ma yi dabarar komai ba, zama kawai ta yi ta rungume jakarta.

Ƙofa ta buɗe. Malama Rifkatu ta fito da shi, ta dubi bencin, ta dubi mai karanta bango. Ta juyo gare ni.

"Zulai, takardar nan kin buga?"

"Ban buga ba, Malama."

"To mayar da Malam gida." Ta matsa gefe ta riƙe ƙofar. "Malama Asma'u, shigo."